Gobir a Kan Takardar Haihuwa

A unguwar Kilomita Biyar ta birnin Bangui, wadda ake taƙaita sunanta da PK5, akwai wani magidanci mai shagon kayan gyaran waya a gefen babbar kasuwa. A nan aka haife shi, a nan aka haifi mahaifinsa. Sango ne harshen da ya fi zauna masa a baki, da shi yake ciniki, da shi yake faɗa in ransa ya ɓaci. Faransanci a makaranta ya same shi. Hausa kuwa ta cikin gida ce, ta gaida tsofaffi da zaman suna da na makoki. Bai taɓa taka ƙasar Hausa ba. Amma duk wata takarda da hukuma ta taɓa ba shi, tun daga ta haihuwa har zuwa ta kammala makaranta, a gurbin da aka ware wa sunan iyali kalma ɗaya ce a rubuce da manyan baƙaƙe: GOBIR.

Yadda kalmar ta hau takarda labari ne da kowa a gidan ya sani. Kakansa mutumin Tsibiri ne, kusa da Maraɗi. Ya fito yana saurayi, a zamanin mulkin Faransa, da niyyar zuwa Hajji a ƙasa, kamar yadda Hausawa da yawa suka yi kafin zuwan jirgin sama. Guzuri ya ƙare masa a hanya, ya tsaya neman na gaba, ya bi fatake zuwa Ngaoundéré, daga nan ya gangara ta Bouar, yana bin sawun 'yan kasuwar Hausawa da suka daɗe suna ratsa ƙasar Gbaya tun ƙarshen ƙarni na 19 don neman hauren giwa da roba da goro. Da ya iso Bangui sai ya shiga dillancin shanu, ya yi aure, Makka kuma ba ta yi kira ba. A masaukin Hausawa akwai masu suna irin nasa har uku, don haka aka riƙa bambanta shi da cewa na Gobir, tun da tsagen da ke kumatunsa ya riga ya faɗi haka kafin ya buɗe baki. Ranar da ya je rajistar ɗansa na fari, akawu ya tambaye shi sunan iyali. Bai gane abin da ake nufi ba. Tafinta ya sauƙaƙa masa tambayar, ya ce a cikin masu wannan suna kai wane ne? Ya ce, na Gobir. Akawu ya rubuta, ya buga hatimi.

Ruɗewar tsohon ba jahilci ba ce. Bahaushe ba shi da sunan iyali irin na Turawa, wanda ake gada daga kaka zuwa jika ba tare da ya canza ba. Ana raɗa wa jariri suna ran bakwai, a jingina shi da na ubansa; shi ma in ya haihu, ɗansa ya jingina da nasa. Suna ba ya wuce hawa biyu sai ya sauya. Abin da ke daɗewa shi ne asali, kuma harshe ya tanadar masa tasa hanya: a sa "ba" a gaban sunan ƙasa don mutum ɗaya, a sa "awa" a ƙarshensa don jama'a. Kano ta ba da Bakano da Kanawa, Katsina ta ba da Bakatsine da Katsinawa, Daura ta ba da Badauri da Daurawa, Kabi ta ba da Bakabe da Kabawa, Zamfara ta ba da Bazamfare da Zamfarawa, Zazzau ta ba da Bazazzagi da Zazzagawa ko Zage-zagi, Gobir kuma ta ba da Bagobiri da Bagobira da Gobirawa.

Sai dai waɗannan kalmomi ba su cika aiki a gida ba. In aka shiga kasuwar Tsibiri aka ce ana neman Bagobiri, ba a ce komai ba, don kowa shi ne. Sunan ƙasa yakan manne wa mutum ne bayan ya bar ta. Shi ya sa unguwar Gobirawa take a cikin Kano, tare da Daurawa da Agadasawa. Shi ya sa kuma makarantun kwana na zamanin Turawa, inda aka tara yara daga larduna daban-daban da Muhammadu da Abubakar barkatai, suka zama wurin da sunayen garuruwa suka fara shiga rajista. A Kwalejin Katsina, Ahmadu Raba ake kiran wanda duniya ta sani daga baya da Ahmadu Bello. Mahaifin Malam Aminu Kano sunansa Yusufu, mahaifin Shehu Shagari sunansa Aliyu, amma garuruwansu tarihi ya riƙe. Haka Abubakar Tafawa Ɓalewa, haka Mu'azu Haɗeja, haka Hassan Usman Katsina. Malaman Musulunci sun daɗe a kan wannan tafarki. Muhammad al-Kashnawi, masanin lissafin da ya rasu a Alƙahira a 1741, da sunan Katsina Misirawa suka san shi. A Saudiyya ta yau Hausawi da Barnawi da Fallata sunayen iyali ne. Shi kansa Buhari, da ake raɗa wa yara a ƙasar Hausa, asalinsa jinginawa ce ga birnin Bukhara.

Mai shagon bai san yawancin wannan ba, bai kuma damu ya sani ba. Yana yaro, Gobir suna ne kawai da malami ke kira da safe ya amsa. Abokan karatunsa na Banda da Gbaya da Yakoma suna da nasu sunayen da bai san ma'anarsu ba, su ma ba su tambaye shi ma'anar nasa ba.

Shekarar 2013 ce ta sa wa sunan nauyi. A watan Maris 'yan Seleka suka ƙwace Bangui, Michel Djotodia ya hau mulki. Ranar 5 ga Disamba 'yan Anti-balaka suka kawo hari cikin birnin. Jini ya zuba ta kowane ɓangare, Kirista da Musulmi, kuma bayan Djotodia ya sauka a watan Janairun 2014 sai fushin ya juya kan duk wanda ake ganin Musulmi ne, ko yana da hannu ko ba shi da shi. Dubban mutane suka fice zuwa Chadi da Kamaru a cikin ayarin manyan motoci. Waɗanda suka rage suka taru a Kilomita Biyar, unguwar da ta kasance cibiyar cinikin birnin ta koma kamar kurkuku. Shi ya raka mahaifiyarsa da ƙannensa mata zuwa Garoua-Boulaï, a bakin iyakar Kamaru, ya dawo wurin mahaifinsa da ya ƙi tafiya. Tsohon ya rasu a cikin wannan zama, ciwon ajali a kan shimfiɗarsa. Hanyar maƙabartar Musulmi da ke unguwar Boeing a rufe take, don haka aka binne shi a bayan gida. Sai bayan Fafaroma Francis ya ziyarci babban masallacin unguwar ranar 30 ga Nuwamban 2015, aka kuma ƙulla yarjejeniyar zaman lafiya tsakanin mutanen Kilomita Biyar da na Boeing a farkon 2016, sa'an nan ya sami damar zuwa ya tsaya a kan kabarin kakansa.

A cikin rikicin an fasa tsohon shagonsa, takardunsa na shaida suka salwanta. Da ƙura ta lafa ya tafi wani ofishi neman sababbi. Ma'aikacin ya dubi sunan, ya dube shi, ya tambaye shi cikin Sango a wane lardi Gobir take. Ya ce masa sunan kakansa ne. Ma'aikacin ya ce to sai ya kawo shaidar haihuwar uba, da ta uwa, da ta kaka. Mutumin da ke bayansa a layi ba a nemi ko ɗaya daga cikin waɗannan a wurinsa ba. Ya yi ta zarya wata da watanni kafin ya samu. A hanyarsa ta komawa gida a ranar ƙarshe ya yi wa kansa alkawari cewa in Allah ya ba shi haihuwa, wannan kalma ba za ta hau takardar ɗansa ba.

Ana nan, kasuwa ta farfaɗo, ya yi aure, ya fara yo odar kaya kai tsaye daga Guangzhou ta ƙasar Sin, a sauke a Douala, a ɗauko a mota zuwa Bangui. Wata rana yana daidaita rasiɗai sai ya lura cewa uku daga cikin masu aiko masa kaya duk sunansu ya fara da Chen. Ya ɗauka 'yan gida ɗaya ne suke haɗa baki a kan farashi. Ya tambayi wakilinsa na can, wani matashi mai jin Faransanci, ta saƙon waya. Matashin ya yi dariya, ya ce ko sanin juna ba su yi ba; a kudancin Sin, in ka jefa dutse cikin taro, da wuya bai faɗa kan wani Chen ba. Ya ƙara da cewa ai sunan wata ƙasa ce da ta faɗi tun da daɗewa. Wannan jimla ta tsaya wa mai shagon a rai. Daren nan bai kwanta da wuri ba, yana ta bin labarin a wayarsa.

Abin da ya tarar shi ne, wajen shekara ta 1046 kafin Miladiyya, da gidan Zhou suka karɓi mulki, sai suka yanka ƙasa suka rarraba wa 'yan uwansu da mataimakansu da zuriyar sarakunan da. Kowane yanki ya zama ƙasa mai birni da ganuwa da fada, tana mubaya'a ga sarkin Zhou. Da ƙarfin sarkin ya ragu, ƙasashen suka shiga cin juna, babba na haɗiye ƙarama, har shekara ta 221 kafin Miladiyya, lokacin da Qin ta gama da sauran ta haɗe su wuri guda. Chen tana cikin ƙanana, a yankin da yake lardin Henan a yau. Maƙwabciyarta Chu ta haɗiye ta wajen shekara ta 479. Yue ta ci Wu a 473, Han ta ci Zheng a 375, Qi ta ci Song a 286. Duk lokacin da ƙasa ta faɗi, 'ya'yan sarautarta da wasu daga talakawanta sukan watse, kuma da yawa sukan ɗauki sunan ƙasar ya zama sunan gidansu. Chen, Wu, Zheng, Song, Zhao, Wei, Han, Cai, Cao, Qin: kowanne a da ƙasa ce mai runduna, kowanne a yau sunan iyali ne da ake gani a allon shaguna. Sunan ya bi masu shi ƙetare yana sauya lafazi. Chen ɗin nan shi ne Chan a Hong Kong, wanda ke jikin sunan Jackie Chan, shi ne Tan a Singafo da Malesiya, shi ne Tran a Biyetnam.

Ya kuma gano wani abu da ke rikitar da baƙo. Daulolin da suka zo daga baya sun riƙa aron sunayen tsofaffin ƙasashe da yankuna, amma sunan daula dabam, sunan gidan da ke mulkinta dabam. Sarakunan daular Han 'yan gidan Liu ne. Na Tang, daga 618 zuwa 907, 'yan gidan Li ne. Na Song, daga 960 zuwa 1279, 'yan gidan Zhao ne. Mai suna Song a yau ba lallai ba ne yana da alaƙa da daular Song. Ya fi kusa da ƙaramar ƙasar da ta faɗi fiye da shekara dubu kafin a kafa daular. Wurin da sunan daula da na gidan sarauta suka haɗu shi ne daular Chen, wadda Chen Baxian ya kafa a 557, ta kuma faɗi a 589. Har lambar mota ba ta tsira daga wannan gado ba: motocin lardin Shandong suna ɗauke da harafin Lu, ƙasar da aka haifi Confucius, na Shanxi kuma suna ɗauke da harafin Jin.

Da safe ya nufi gidan baffansa, yayan mahaifinsa, wanda shi ne ɗan farin da aka fara rubuta wa sunan. Dattijo ne da ya haura saba'in, kuma shi kaɗai ya rage a zuriyar mai tsagen Gobir a fuska, don daga kansa aka daina. Ya same shi a zaure da littattafansa na ajami. Bayan gaisuwa ya ce, "Baffa, wai Gobir ɗin nan, ita ma faɗuwa ta yi?"

Tsohon ya daɗe yana kallonsa. Ya ce, "Sai yau ka tambaya?"

Ya ba shi labarin kamar yadda ya ji daga mahaifinsa, ya kuma cike da abin da ya karanta. Gobirawa sun taɓa zama can arewa, a Azbin, kafin su yi ta matsowa kudu suna sauya birni. A tsakiyar ƙarni na 18 Sarki Babari ya ci Zamfara, Alƙalawa ta zama babban birninsu. A zamanin Bawa Jan Gwarzo da wuya a sami ƙasar Hausa da ta fi Gobir kwarjini a fagen yaƙi. A cikin wannan ƙasa aka haifi Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, a Maratta, a 1754, ya kuma yi zamansa na karantarwa a Ɗegel. Saɓani ya tsananta tsakaninsa da fada a zamanin Nafata da Yunfa, ya yi hijira zuwa Gudu a 1804, aka gwabza a Tabkin Kwatto a wannan shekara. A 1808 Alƙalawa ta faɗi, aka kashe Yunfa. Gobirawa suka ci gaba da turjiya har yaƙin Gawakuke a 1836, inda Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya yi galaba, Sarkin Gobir Ali ya rasa ransa. Bayan nan ne waɗanda suka tsira suka kafa Tsibiri, daga baya wani reshe ya kafa Sabon Birni. Da Ingila da Faransa suka ja iyaka, Tsibiri ta faɗa Nijar, Sabon Birni ta faɗa Nijeriya.

Ba Gobir kaɗai ta ga haka ba. Sarakunan Katsina na da sun koma Maraɗi da sarautarsu, na Kabi sun kafa Argungu, na Daura sun rabu zuwa Zango da Baure, na Zazzau sun yi kudu inda Abu Ja ya kafa garin Abuja a 1828, garin da ya koma Suleja bayan an ba sabon babban birnin Nijeriya sunansa. Kowannensu ya rasa birni ya tafi da suna. Daga baya kuma, kamar yadda daulolin Sin suka yi aron tsofaffin sunaye, Nijeriya ta yi Jihar Kano a 1967, Katsina a 1987, Kebbi a 1991, Zamfara a 1996. Gobir ba ta sami jiha ba. Ta rage a sarautar Sarkin Gobir, a sunayen unguwanni, a kumatun tsofaffi, da kuma a takardun mutane irinsu.

Mai shagon ya ce, "Baffa, kai da kullum kana cikin littattafan Shehu, ba ka jin nauyin ɗaukar sunan ƙasar da ta yaƙe shi?"

Tsohon ya yi murmushi. Ya ce, "Shehu malamina ne, Gobir kuma gidan ubana ce. Shi ma a cikinta ya sha ruwan farko. Waɗanda suka yi faɗan duk sun tafi gaban Mai shari'a, ba a bar mini hukuncinsu ba."

Watanni kaɗan bayan haka matarsa ta sauka, aka sami 'ya mace. Aka yi suna ran bakwai, aka raɗa mata sunan mahaifiyarsa. Saura rajista, kuma doka ta yanka wa'adi. Alkawarin da ya yi wa kansa a hanyar ofis ya dawo masa sabo, hujjojinsa kuma ba na wasa ba ne. Na farko, al'adar Hausa kanta tana bayansa: yarinya da sunan ubanta ake jingina ta, Gobir ɗin nan kuskuren tafinta ne da aka yi ta gada. Na biyu, a Afirka ta Tsakiya ba baƙon abu ba ne yaro ya sami sunansa dabam da na mahaifinsa. Na uku, wanda ya fi nauyi, ba ya son wata rana 'yarsa ta tsaya a gaban wani teburi ana tambayarta a wane lardi Gobir take. Matarsa ta ce masa, "Malam, ko ka cire Gobir, sunan da muka raɗa mata fa? Shi ma ai zai faɗi ko su wane ne mu." Ya rasa amsa, don ya san a Sango kalma ɗaya ake yi wa duk Musulmi, Arabo, ko daga ina kakansa ya fito.

Labarin Sinawa da ya burge shi bai warware masa matsalar ba, don kamar ba ta cika ba. Sunan Chen ya yi shekara dubu biyu da ɗari biyar ana gadonsa, nasu kuwa ko ɗari bai kai ba. Mai suna Chen a Guangzhou ba wanda zai ce masa ya koma Henan. Amma da ya ƙara bincike sai ya ga su ma sun san wannan tsaka mai wuya. Tun a shekara ta 672 kafin Miladiyya wani ɗan sarkin Chen mai suna Chen Wan ya gudu zuwa ƙasar Qi, zuriyarsa ta koma amsa sunan Tian, ta yi ƙarfi har ta gaji sarautar Qi. Wannan canjin suna ya karɓe su. A Indonisiya kuwa, daga 1966 hukuma ta matsa wa 'yan asalin Sin su ɗauki sunaye masu kama da na 'yan ƙasa. Wasu Tan suka koma Tanoto, attajirin nan Liem Sioe Liong ya koma Sudono Salim. Da tarzomar watan Mayun 1998 ta ɓarke a Jakarta, sababbin sunayen ba su hana a ƙona shagunansu ba. Mai neman ka da sharri ba takarda yake fara dubawa ba. Shi ma ya tuna cewa a 2014 ba wanda ya tsaya karanta sunan kowa.

Ana gobe zai je rajista ya koma wurin baffansa, ya gaya masa niyyarsa, kansa a sunkuye. Tsohon bai yi faɗa ba. Ya ce, "'Yarka ce, ɗana. Amma miƙo mini akwatin can." Wani ƙaramin akwatin ƙarfe ne da ya ɗaure a cikinsa, ƙarƙashin riga, duk tsawon kwanakin tashin hankali. Ya buɗe, ya zaro wata takarda da ta yi ja don tsufa, ta kusa rabewa a wurin ninki. Takardar haihuwarsa ce. A samanta ba a rubuta Jamhuriyar Afirka ta Tsakiya ba, don lokacin babu ita. Oubangui-Chari aka rubuta. A ƙasa ga sunan nan da rubutun akawu, ga Bangui a matsayin wurin haihuwa.

Ya ce, "Ƙasar nan ta sami 'yancin kai ranar 13 ga Agustan 1960. Wannan suna ya riga ranar shiga littafin Bangui. Lokacin da suka ce ka kawo shaidar kaka, da me ka tsira? Ba da wannan ba? Sun ga Gobir a tawa, sun ga Gobir a ta ubanka, sun ga Gobir a taka, dole suka yarda igiya ɗaya ce. In ka yanke ta a kan yarinyar nan, ranar da aka tambaye ta, me zai haɗa takardarta da wannan?"

Mai shagon ya karɓi takardar da hannu biyu. Shekara da shekaru yana kallon kalmar a matsayin abin da ke nuna shi baƙo ne, bai taɓa lura cewa ita ce kuma mafi tsufan shaidar zamansu a birnin ba. A Tsibiri, in da zai je, ba wanda zai kira shi Gobir. Ɗan Bangui za su ce, su yi wa Hausarsa dariya. Wannan Gobir ta kan takarda ba a Tsibiri aka yi ta ba. A wani ofishi na bakin kogin Ubangi aka yi ta, tsakanin dillalin shanu da tafinta da akawu, kuma a nan kaɗai take da ma'anar da take da ita.

Ya ce, "To in sun sake tsare ta da tambaya fa, Baffa?"

Tsohon ya ce, "Za su iya. Ban ce maka sunan zai kare ta ba, Allah ke karewa. Boganda ya ce zo kwe zo, kowane mutum mutum ne, har a tambarin ƙasa aka sa. Sai ku yi ta tuna musu."

Washegari ya sa farar rigarsa ta Juma'a ya tafi. Wata matashiyar ma'aikaciya ce a teburin. Ta tambayi sunan jaririya, ya faɗa. Ta tambayi sunan iyali, ya ɗan yi shiru, sa'an nan ya faɗa, ya kuma jero mata baƙaƙen ɗaya bayan ɗaya. Tana rubutawa ta tambaye shi cikin Sango, ba tare da ta ɗago kai ba, ko sunan ƙauyensu ne. Ya ce mata sunan wata ƙasa ce da ta faɗi tun kafin a kafa Bangui, su kuwa 'yan Kilomita Biyar ne. Ta ce ba ta taɓa jin sa ba. Ta buga hatimi, ta kira na gaba.

Da yamma ya kai wa baffansa takardar. Tsohon ya sa tabarau, ya bi ta da yatsa har ya iso kan kalmar, ya yi wa yarinyar addu'a. Sa'an nan ya ninke ta a hankali, ya ɗora a kan tasa, ya rufe akwatin, ya miƙa wa ɗan ƙaninsa makullin.